Makiyayin Ƙudaje

A tashar Kazaure, ana jiran motar Roni ta cika, Malam Falalu ya samu wanda zai yi wa alfahari, wani dattijo makiyayi da ya cusa hannun damansa cikin riga.

"Ɗana Mamuda gwamnati ta tura Ingila, Baba. Bincike yake yi a kan ciwon karkarwar nan da ake gada."

"Da me yake binciken?"

"Ƙudaje yake kiwo a kwalba. Sai ya haɗa su aure, ya duba ƙwayoyin halittar jikokinsu, ya ga waɗanda suka ɗauko."

Dattijon ya kece da dariya. "Ashe makiyayi ne irina. Suna ba da nono kuwa?"

"Turawa ma a wurinsa suke ɗaukar karatu."

"Ai da ya zo rugarmu da damina, da mun cika masa buhu."

Falalu ya ɗaure fuska, ya miƙa masa goro don a bar zancen. Ba a karɓa da hagu, dole hannun daman ya fito, yana ta rawa har goron ya faɗi.

Dattijon ya dubi ƙasa.

"Haka na mahaifina ya yi. Ina da jikoki, Malam. A cikin na ƙudajen nan, akwai masu tsira?"