A Bar Okoro Ya Bi Su Garba

Malam mai gabatarwa, salamu alaikum, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Fagge.

Autana Garba yana cikin masu gudun da aka tura babbar gasa a ƙasar Turawa. Mahaifinsa ya rasu watan jiya. Ina cikin takaba, ko tasha ban raka shi ba.

Abokinsa Okoro na Sabon Gari yana rubutu a wata ƙaramar jarida. Da ya zo ta'aziyya ya ce, "Inna, ko shayi Garba ya sha, zan rubuto miki." Daga baya ya buga cewa takalman da aka ba yaran sun matse su. Gaskiya ne kuwa, ni na shafa wa Garba man kaɗanya a ƙafa. Shi ke nan aka hana Okoro tafiya tare da su, wai sanarwar shugabannin tafiyar ta isa.

Malam, sanarwa ba za ta gaya mini ko yarona yana jin sanyi ba. Wa zan roƙa a bar Okoro ya bi su?

Ina gaida Garba. Ko na ƙarshe ya zo, don Allah a faɗa mini, ai ɗana ne.