Kayakaya Yana Hanya

A rumfar mai gyaran rediyo a unguwar Maamobi, a 1996, wata tsohuwa tana zaune da na'urar gem a cinya. Wani direban trotro, motar haya, ya zauna kusa da ita.

"Mma, har da ke a buga gem?"

"Ta ɗana Alidu ce. Tun da ya tafi Libiya ba mu ji daga gare shi ba. Kunnawa kawai nake yi, in kalli ɗan mutumin nan mai buhu a baya."

"Kayakaya! Haka muke kiransa a Nima. Mun sha bulala a makarantar allo saboda shi. Mu cewa muke ɗan Tamale ne, dako ya kawo shi kasuwar Makola."

"Alidu ya ce gida yake nema, wurin uwarsa. Ka taɓa kai shi ƙarshe?"

"Sau ɗaya."

"Ya isa?"

Direban ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Mma, da an kai ƙarshe sai wasan ya koma farko."

"To, ba mutuwa ya yi ba ke nan."

"A'a. Yana hanya."

"Haka nake faɗa wa baban Alidu kullum," in ji ta. Ta miƙa wa mai gyara na'urar.