Rabin Silima Daga Saman Sorona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Sarkin Zangonmu, Allah ya ja zamaninka, wakilin mai martaba sarkin gari, Naa a bakin 'yan gari, muna gaisuwa, Na'ibin Liman, wanda ya ce addu'a kaɗai ta kawo shi, shi ya sa ya juya wa farin bango baya, Allah ya gafarta malam, Kansilan unguwa, Magajiyar mata, mai wannan gidan silima, Alhaji Tahidu, dattawan unguwannin Tishigu da Nyohini na nan Tamale, direbobin lori, mahauta da teloli, samarin bencin gaba, waɗanda ban taɓa jin sun yi shiru ba sai yau, da ku matan da ke leƙowa daga can sama, na gan ku, ku gyara mayafi. Ina yi muku sallama baki ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Abibatu, yara suna cewa Mma Abiba. Soron can da ke bayan katangar gabas nawa ne. Marigayi maigidana, falken goro, shi ya gina shi irin na garinsu, don a riƙa shanya hatsi a sama, a kuma sha iska lokacin zafi. Bai san gidan kallo yake gina mini ba, Allah ya jiƙansa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan zamani na mulkin kai, tutarmu tana kaɗawa a bakin ƙofa. Ina godiya ga Alhaji Tahidu, da ya kawo sabon injin majigi daga Kumasi, ya tara mu da la'asar ɗin nan don a sa masa albarka. Ya aiko aka ce in zo in yi 'yar gajeruwar addu'a a matsayin maƙwabciya. Tahidu, mijina, kakarka aminiyata ce, ni na riƙe ka ranar da wanzami ya yi maka aski na fari. Ka san ni, amma ka miƙa mini lasifika. Kai ka jawo.

Maganata ta farko ita ce yabo, kuma na cancanci in yi shi, domin duk cikinku babu wanda ya kai ni kallon silima. Ku kuna zuwa ranar da aljihu ya yarda, ni kuwa tun ranar da aka fara haska wannan bango ban yi fashi ba, sai dai ruwan sama ko zazzaɓi. Sai dai akwai 'yar matsala: katangar nan ta rufe mana ƙasan bangon. Daga saman sorona rabin silima ake gani, rabin sama. Daga ƙirji zuwa hula mun san kowane tauraro kamar ɗan da muka haifa. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa, Allah ne masani.

Jama'a, shekara da shekaru muna kallon kaboyi, ba mu san da dawaki a ƙarƙashinsu ba. Mukan ga ƙato da malafa yana ta tsalle sama da ƙasa, duwatsu suna wucewa a bayansa, sai mu ce, kai, Turawan jeji akwai ƙarfin gwiwa, dubi yadda yake gudu ko haki babu. Har gardama muka yi a kan irin abincin da suke ci. Sai ranar da Andani direba ya zo shan koko gidana, na ce masa, "Andani, mutanen nan ba sa gajiya ne?" Ya ce, "Mma, su wa?" Na ce, "Masu tsallen nan." Yaron nan ya ajiye ƙwarya, ya fita zaure, na jiyo shi yana dariya har da tari. Da ya dawo ya ce, "Mma, doki ne fa." Na ce, "To, dama na yi zargi." Wallahi ban yi ba.

Ba nan ta tsaya ba. Aka ce mini finafinan Indiya suna zuwa da rubutun boko mai fassara abin da suke faɗa. Da gwamnati ta buɗe ajin yaƙi da jahilci, na ɗaura zane na tafi, da furfurata, na zauna kusa da jikokina. Malamin ya riƙa nuna ni yana cewa, "Ku dubi Mma Abiba, ga mai kishin sabuwar ƙasa." Na sha wuya, na koyi baƙaƙe da wasula, har aka ba ni takardar shaida. Na hau soro da alfahari, na ce wa mata yau zan karanta muku komai. Ashe rubutun a ƙasan bango yake fitowa.

Saboda haka ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, mu muka raɗa musu. Akwai Sarkin Kuka, Ba'indiyen nan mai gashi kamar an shafa man kaɗanya, wanda uwarsa ke makancewa kusan a kowane fim. Akwai Amaryar Damina, wadda ba ta iya waƙa sai ruwa na dukanta, muna ta tausayin ta kada mura ta kama ta. Akwai Dogo Mai Shiru, kaboyin da yakan yi rabin fim bai ce uffan ba. Akwai kuma Gashin Baki, mugu, wanda har yau in na gan shi sai na tofa.

Ku yi dariya, amma ku saurara. Wanda aka hana shi ganin ƙafa, fuska yake koyon karantawa. Ku da ke ciki kuna kallon doki, kuna kallon takalmin rawa, kuna kallon wanda ya faɗi ƙasa. Mu ido muke kallo. Na ga Amaryar Damina ta yi murmushi da baki alhali idonta na kuka, na ce wannan yarinya ta san zaman gidan miji. Na ga Dogo Mai Shiru ya ɗaga gira ɗaya, na gane ya yafe wa ƙaninsa tun kafin ƙanin ya roƙa. Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu, ba su san akwai wani gari Tamale ba, amma sun sa tsofaffi sun share hawaye da bakin zane a kan soron ƙasa. Wannan gwaninta ce, kuma duk inda suke ina yi musu jinjina. Har Gashin Baki, domin ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya sa a tsane shi daga wata duniya.

Maganata ta biyu ba ta kai ta farko daɗi ba. Da nake shigowa na ga bulo an jibge a gindin katangar gabas, na ga yashi, na ga Seidu birkila yana ta sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Seidu, na gan ka. Na tambaya, aka ce gobe da safe za a ƙara wa katanga tsawo, har ta rufe bangon gaba ɗaya daga wajenmu.

Ban ce Alhaji Tahidu azzalumi ba ne. Ba don muna kallon kyauta zai yi ba; da don haka ne, da tuni ya yi. Ƙara aka kai masa, kuma ƙarar gaskiya ce. Ku kuna ganin fim sau ɗaya, mu muna ganin sa kullum har a canza shi. To, ran da muka riga muka san abin da zai faru, bakinmu ba ya rufuwa. Mutum ya sayi tikiti, ya zauna, yana jiran ya ga yadda za ta kaya, sai ya ji murya daga sama: "Kada ki sha, da guba a ciki!" Ko kuwa: "Ku kwantar da hankalinku, ba zai mutu ba, ɗan sarki ne aka sace yana jariri!" An ce makon jiya wani mahauci ya jefo mana takalminsa. Yana nan wurina, ƙafar hagu, mai shi ya zo ya karɓa. An kuma ce muryar da ta fi kowace tashi tawa ce. Na so in musa, sai na tuna Na'ibin Liman yana zaune.

To amma kafin a ɗora bulo, ina roƙon wannan taro ya san su wa za a rufe.

Ku ɗaga ido ku dube su. Matan aure ne da ba za su shigo su zauna cikin maza ba, ku ma ba za ku so su shigo ba. Masu jego ne da goyo a baya. Tsofaffi ne irina, da in aka gan mu a layin tikiti, gobe zance ya cika kasuwa. Sun wuni suna daka, sun wuni suna ɗiban ruwa, sun wuni a bakin murhu suna tuƙa muku tuwon zafi. In an yi sallar isha aka sallami kowa, sai su hau matakalar nan da tabarma da 'yar gyaɗa. Ba su da wani wurin. Mulkin kai ya zo, maza sun samu taron jam'iyya, sun samu filin ƙwallo, sun samu rediyo a shagon tela. Mu rabin bango muka samu, kuma ba mu raina ba.

Cikinsu akwai aminiyata Fatimata, ga ta can da baƙin mayafi, ta ba ni izinin in faɗa. Da yawanku kun tuna shekarar da lori ya kife da ɗanta a hanyar Yendi, shi kaɗai ke gare ta. Bayan an share makoki Fatimata ta daina magana. A gaishe ta, ta ɗaga kai. A ba ta abinci, ta karɓa ta ajiye. Aka yi rubutu, aka yi turare, shiru. Na gaji, na riƙa jan hannunta ina hawa da ita soro, in zaunar da ita kusa da ni kamar kayan wanki. Damina ta wuce a haka. Ran nan Sarkin Kuka yana tsaye bakin kogi, Gashin Baki ya lallaɓo da wuƙa, sai na ji an ƙwala ihu a kunnena: "Ɗan nan, waiwaya! Yana bayanka!" Na juya. Fatimata ce. Ku a ciki kuka yi tsaki, kuka ce tsofaffin nan sun fara. Mu a sama babu wadda ta ga ƙarshen fim ɗin, kuka muke yi. Da muka sauko ta ce mini, "Abiba, ina jin yunwa."

Saboda haka maganata ta uku roƙo ce, kuma ba hannu wofi na zo ba. Alhaji Tahidu, ka bar katangar nan yadda take. Mu kuma ga abin da za mu bayar, kuma Allah ya sani ba mu da abin da ya fi shi tsada: bakinmu. Na yi alkawari a gaban Sarkin Zango, a gaban Na'ibin Liman, a gaban Magajiya, daga yau ko guba za a sha, a sha. Ko rijiya za a faɗa, a faɗa. Ko Gashin Baki zai auri yarinyar, Allah ya ba su zaman lafiya. Ba za ku ƙara jin ƙarshen labari daga sama ba. In abin ya ci ƙarfina zan cusa bakin mayafi in ciza.

Tahidu, kada ka dubi Kansila, ba shi ya yi maka wanka kana jariri ba. Ni ka duba. Jama'a na jira, ni kuma ƙafafuna sun fara ciwo, kuma ba zan mayar da lasifikar nan ba sai na ji.

Me ka ce? Ɗaga murya, kunnen ya tsufa.

Kun ji da kunnenku. Ya ce a kwashe bulon a kai bayan gidan silima a yi wa masu sayar da ƙosai rumfa. Ya ce amma ranar da aka sake jin ihu daga sama, Seidu zai dawo. Na karɓa. Allah ya yi maka albarka, mijina, yau ka biya sadaki.

Ku kuma na sama, ku daina guɗa, tun yanzu za ku karya mini alkawari. Sai dai, ranka ya daɗe Sarkin Zango, a rubuta cewa Fatimata ba ta cikin wannan rantsuwa. Bakin da muka sha wuya kafin ya buɗe, ba ni zan ce ya rufe ba. In kun ji murya ɗaya tak daga sama, ku yi haƙuri, ku waiwaya kawai. Na ga Alhaji ya gyaɗa kai, shi ke nan.

Allah ya sa albarka a wannan sabon inji, ya tsare shi daga wuta da tsinkewar fim ana tsakiyar faɗa. Allah ya ba mai gidan nan ciniki na halal. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu adalci, ya ba manomanmu damina mai kyau, ya kai direbobinmu gida lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ni kuma ku taya ni da addu'a, domin an ce fim ɗin yau na Sarkin Kuka ne, kuma na riga na san wanda ya sace shi yana jariri.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.