Kabar da Za a Kai wa Abarshi

A tashar Dogarawa, wata tsohuwa mai damin kaba da wani magidanci suna jiran motar Ƙonni ta cika. Ba su san juna ba.

"Inna, kasuwa za a kai kabar?"

"Kaso za ta, gidan yari. Ɗana Abarshi na ciki. Ƙwaya shike sha don ƙarfin noma, ta taɓa mishi kai, ya fasa ma wani goshi."

"Allah shi kyauta. Ya jikin nashi?"

"Alhamdu lillahi! Watan farko ba barci, sai kuwwa. Wani tsoho can ciki ya koya mishi saƙar tabarma, ya natsu. Yanzu har ba'a shike mini."

"To ki jiƙa ta kafin ki shiga. Can sai da safe ake ɗibar ruwa."

Tsohuwar ta dube shi. "Kai ina ka sani?"

Ya sosa ƙeya, ya yi dariya. "Shekara biyu na yi, Inna."

"To gaya mini gaskiya. In ya fito, komawa zai yi?"

"Ni ma ƙwayar ta kai ni. Shekara bakwai rabona da ita. Wata rana raina na so, sai in zamna cikin mutane har abin shi wuce. Ke dai kada ki bar shi shi ɗai."