Ziyarar da Ta Kai Ni Ƙofar Uwata

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, wanda ya tsallakar da mu zuwa wannan shekara da ranmu. Uwar Zumunta, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da sabuwar shekara. Halleluya!

Yawancinku kun san ni da Maman Godiya, malamar firamare a nan Samaru. Saboda baƙinmu, sunana Hannatu. Uwar Zumunta ce ta ce kafin mu shiga tsara ayyukan bana, in tashi in faɗi abin da Ubangiji ya yi mini bara war haka. Na so in zille, ta ce ba inda za ni. To, ga ni.

Kun san ni da rashin zama. Da an ce wa zai riƙe aiki kaza, kafin a rufe baki hannuna yana sama. A da ni ce sakatariyar zumuntar mata, ina kwamitin ziyara, ina koyarwa a makarantar Lahadi, har cikin mawaƙa na kutsa, da wannan muryar tawa da kuka sani. Maigidana yakan ce in yana son ganina sai ya je ya nemi izini wurin fasto. Duk sabuwar shekara sai na ƙara wani aiki a kan na da, don a ganina haka ake girma cikin Ubangiji.

Amma akwai abin da na ɓoye muku.

Mahaifiyata ta kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki a ƙauyenmu, can kudancin Kaduna. Muka kawo ta asibiti nan Zariya. Da aka sallame ta, yayana Yohanna ya ɗauke ta zuwa gidan da yake haya a Muciya, cikin Sabon Gari. Hannun dama da ƙafar dama sun daina aiki. Wannan duk da sauƙi. Maganarta ce ta ɗauke gaba ɗaya.

Da kun san Mama kafin ciwon, da kun gane abin da nake nufi. Mace ce mai baki. Tun daga bakin rijiya ake jin dawowarta gida. Ita kaɗai ce a duniya take kirana Kande, don bayan maza aka haife ni. Kowace Lahadi da an tashi sujada sai wayata ta yi ƙara: "Kande, me fastonku ya yi wa'azi a kai yau?" In na faɗa mata, sai ta hau gyara wa faston da ba ta taɓa gani ba.

Da farko ina zuwa duba ta kowane mako. In zauna, ta zuba mini ido, bakinta ya yi ta motsi, ta yi ta ƙoƙari, amma ba abin da ke fita sai wani sauti da ba shi da ma'ana. Sai ta fashe da kuka. Ni kuma in daure har in fito, in shiga keke, in yi ta kuka tun daga Kwangila har Samaru, mai keke yana leƙena ta madubi.

A hankali na fara ja da baya. Mako ya koma wata, wata ya koma aike. In haɗa magani da sabulu da garin kunu in ba mai keke ya kai. Yohanna ya kira ya ce, "Hannatu, yaushe za ki leƙo ne?" In ce, "Yaya, wannan makon akwai taro." Ba ƙarya nake yi ba, kullum akwai taro. Ni ce ma nake kiran rabinsu.

'Yan'uwa, kada ku ce ba na ƙaunar uwata. Kewarta tana cin raina! Ranar Lahadi in an tashi sujada, sai in tsinci kaina ina duba waya, alhali na san ba za ta kira ba. Wani lokaci a kasuwar Samaru in ji wata tsohuwa tana ciniki da harshenmu, in tsaya kusa da ita kamar mai zaɓen tumatir, don kawai in ji muryar. Uwata tana da rai, keke ɗaya ne tsakanina da ita, amma ina kewarta kamar wadda ta rasu. Wadda take magana nake so. Wadda take kwance shiru, tsoronta nake ji. Wannan tsoron ne ya ɗaure ni, na lulluɓe shi da zanen zumunta, ba wanda ya gani.

Da shekarar bara ta kama, muka shiga azumi da addu'a kamar yadda muka saba. A lokacin ana ta raɗe-raɗin ni za a ba muƙamin sakatariyar zumunta ta gunduma gaba ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, ina so. Har sabon zane na saya saboda ranar keɓewa, wato ranar da za a naɗa ni. Addu'ata a azumin nan ɗaya ce: Ubangiji, ka faɗaɗa hidimata.

Kun tuna musayar ziyarar da muke yi a watan farko, matan Samaru su je duba marasa lafiyan Sabon Gari, su kuma su zo duba namu, don masu jinya su ga sababbin fuskoki? Ni na kawo shawarar a taron gunduma, har aka tafa mini. To, ran Asabar da rana muka sa zanen zumunta, muka ɗauki sabulu da sukari, muka nufi Sabon Gari. Mama Saratu, dattijuwar zumuntar can, ita ce ta yi mana jagora.

Mun shiga gidaje, mun yi waƙa, mun yi addu'a. Can sai Mama Saratu ta ce, "Saura gida ɗaya, amma wannan sai kun daure." Ta bi da mu ta gefen layin dogo, hanyar da ban taɓa bi ba, tana tafe tana ba mu labari.

"Wata tsohuwa ce, 'yar'uwarmu cikin Ubangiji, daga gida aka kawo ta. Ɗanta yana shago tun safe, matarsa tana sayar da abinci a tasha, sai yamma suke dawowa. Mu ba mu ma san da ita ba. Maƙwabciyarsu ce, wata Hajiya, ta zo har gida ta same ni, ta ce, 'Wai ku ba kwa duba naku ne?' Ita ke ba ta kunu da rana, ita ke juya ta."

Mata suka ce, "Kai! Allah ya saka wa Hajiyan nan."

Mama Saratu ta juyo wajena. "An ce tana da 'ya a can wajenku, wai babba ce ma a coci. Maman Godiya, ke da kika san kowa a Samaru, ki bincika mana ko wace ce, a yi mata magana."

Nan take uwata ta faɗo mini a rai. Amma na ce a raina, tsofaffi masu irin wannan ciwo ai suna da yawa a Sabon Gari. Da bakina na amsa mata, "To, Mama, zan bincika."

Muna shan kwana na ga injin markaɗen da ke ƙofar gidan yayana.

Wayyo, 'yan'uwa! Na ja na tsaya. Na so in ce cikina ya murɗa, na so in ce an kira ni a gida. Mata suna ta sallama suna shiga, suka tura ni ciki. Na laɓe a can baya. Na ce tun da duk zanenmu iri ɗaya ne, ɗankwalinmu iri ɗaya, wataƙila in saje a cikinsu har a gama.

Uwata tana kwance a katifa, ta rame, fuskarta tana kallon ƙofa. Hajiya tana zaune a gefenta da kofin kunu da cokali. Ta ce mana, "Ku yi haƙuri da inda take. In na juya ta wajen bango ba ta yarda, sai ta yi ta bugun katifa har in maido ta tana kallon ƙofa."

Aka ta da waƙa. Ni dai bakina kawai nake motsawa. Ina kallon idon Mama yana bin fuskoki, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya iso kaina. Nan ya tsaya. Ta ɗaga hannun hagu, ta miƙo shi wajena.

Mama Saratu ta ce, "Maman Godiya, kin ga ke ta zaɓa. Matso ki yi mana addu'a."

Aka buɗe mini hanya. Na durƙusa a gaban katifar. Ku da kuka san addu'ata, kun san in na fara sai an yi gyaran murya kafin in ce amin. Ran nan na buɗe baki, babu komai. Ni da uwata muka zama ɗaya, tana motsa baki, ina motsa baki. Da ƙyar na iya cewa, "Ubangiji, uwata ce."

Mata duka suka zuba mini ido.

Na ce, "Yesu, uwata ce. Tsoro nake ji. Ka cire mini tsoron nan." Iyakar addu'ar ke nan. Ban taɓa yin gajeriyar addu'a irinta ba, kuma ban taɓa sanin an ji ni kamar ranar ba. Wani abu da ya daɗe a ƙirjina kamar dutsen niƙa ya sauka. Na kama hannun nan da ta miƙo, na dubi fuskarta sosai, da karkataccen bakin da komai, na ga Mama ce dai. Halleluya!

Mama Saratu ta matso kusa da ni. Ta dafa kafaɗata, ta yafito sauran matan, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ashe ke ce. Sannu da zuwa." Ta miƙo mini kofin da cokalin, ta tashi ta tafi salla.

A makon na je na sami fasto, na ce a cire sunana daga maganar gunduma. Na zaci zai lallashe ni. Sai ya ce, "Malama, aikin sakatariya akwai mata da yawa da za su iya. Ki tambayi Ubangiji abin da ya ajiye a gabanki bana wanda babu mai iya yi sai ke. Ki fara da wannan." Na ajiye komai, na riƙe makarantar Lahadi kaɗai. Mawaƙa dai ban ji sun yi kukan rashina ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ranar da aka keɓe wadda aka zaɓa, ina zaune a benci ina tafi, raina yana suya. Wasu suka ce Maman Godiya ta yi sanyi a bangaskiya. Wata har ta tare ni a hanya tana tambaya ko wani ne ya ɓata mini rai.

Tun daga lokacin, in an tashi makaranta sai in hau keke zuwa Muciya. In yi mata wanka, in shafa mata mai, in karanta mata Maganar Allah, in zauna. Zaman ne ya fi wuya. Ni da ban iya shiru ba, Ubangiji ya zaunar da ni kusa da wadda ba ta iya magana, ya koya mini jira. A ɗakin nan na koyi addu'ar da ba a tsara ta ba. Abin da na ƙaru da shi bara ya fi na duk shekarun da na yi ina gudu daga taro zuwa taro.

Na san kuna jira in ce ta yi magana. Ba ta yi ba. Har yau ba ta yi ba. Kullum in na yi sallama sai na ɗan dakata a bakin ƙofa, ko yau ce. Ina marmarin muryarta fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Amma bari ku ji abin da Allah ya yi gab da Kirsimeti. Na zo a gajiye daga aikin jarrabawar yara, na zauna a ƙasa, na kifa kaina a bakin katifarta. Sai na ji hannunta ya zame mini ɗankwali. Ta shafa kitsona, wanda ya tsufa har ya fara tashi. Ta sake shafawa. Sai kawai na ji ta ja tsaki!

Tsaki, 'yan'uwa! Dogon tsakin nan nata da duk ƙauyenmu suka sani! Ta jawo kaina jikinta, ta fara tsefe mini kitson da hannu ɗaya. Yatsun suna kuɓucewa, tana sake kamawa, tana ja har da zafi. Na yi lamo kamar yarinya, hawaye yana jiƙa mata zane. Har rana ta yi sanyi ba ta kai rabin kai ba. Haka na hau keke na koma Samaru, rabi a tsefe rabi a kitse, ina dariya ina kuka. Ni da ake kira Malama, ni da na kusa aurar da 'ya, uwata ta yi mini faɗa, kuma ban taɓa jin daɗi kamar na ranar ba.

Na gode wa Yesu da ya kwance ni daga tsoro. Na gode masa da ya kai ni ƙofar nan tun tana numfashi. Na gode masa saboda Hajiya da Mama Saratu da yayana mai haƙuri.

Yanzu za a fara rabon ayyukan bana. Ku karɓa, aikin Ubangiji ne, yana bukatar hannuwa. Amma kafin ki ɗaga hannu, 'yar'uwa, ki tambaye shi a zuciyarki: wa kike gudu? Wa ke kwance yana jiranki? In tsoro ne ya hana ki, ki faɗa masa haka nan, ba sai kin tsara magana ba. Ki dogara gare shi, zai riƙe ki ki shiga.

Ni roƙona na bana ɗaya ne, in ji muryar uwata ko sau ɗaya. In ya ba ni a nan, za ku ji ihuna tun daga Sabon Gari. In kuma ya ajiye mini sai can wurinsa, zan jira, a gefen katifarta zan jira.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.