Nyokabin da Aka Ce Ta Mutu

Gichuki: Halo? Halo! Waye?

Nyokabi: Baba, ni ce. Ina wuni?

Gichuki: Wa? Dakata in fito daga cikin gonar shayin nan, ba na ji... Yauwa. Waye?

Nyokabi: Nyokabi ce, 'yarka.

Gichuki: A'a, Mama! Uwata ta kaina! Lafiya lau. Ya Nairobi? Ya sanyi?

Nyokabi: Da godiya. Ya mutanen Nyeri? Ya gwiwar taka?

Gichuki: Da sauƙi. Ruwa dai ya hana mu sakat, saniyar ma ta rage nono. Kina cin abinci kuwa? Muryarki kamar ta mai yunwa.

Nyokabi: Ina ci. Baba, Nyokabin Baffa Ndirangu tana gari?

Gichuki: Takwararki? Tana nan, jiya ma ta kawo min githeri, dafaffen masara da wake, da zafinsa. Lafiya?

Nyokabi: Hmm. Dama mana.

Gichuki: Dama me? Ya maganar sabon aikin?

Nyokabi: Shi ne dalilin kiran. Sun ce ranar Litinin in zo da layin waya irin na biyan wata-wata, da sunana, in ba haka ba su ɗauki wata. Na je shagon kamfanin waya, aka ce kuɗin ajiya shilin dubu biyu...

Gichuki: Kuɗin jiya? Me kika saya jiya?

Nyokabi: Ajiya, Baba! Kuɗin da suke riƙewa ko mutum zai gudu bai biya ba. Na ce to. Sai yarinyar ta karɓi katin shaidata, ta ce sai ta duba ko ana bina bashi a wani wuri. Ta danna kwamfuta, ta dube ni, ta dubi katin, ta sake dubana. Sai ta tashi ta kira manaja.

Gichuki: Ikon Allah. Ke da ko gishiri ba kya ranta?

Nyokabi: Shi ne ai! Manaja ya ce ajiyata ta koma dubu ashirin, wai sunana yana cikin waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya. Wai an ranci dubu tara ta waya, a wani layi mai rajista da katina, bara a watan Yuli.

Gichuki: Watan... me?

Nyokabi: Yuli. Kuma ka san abin da ya fi ɓata min rai? Wai da suka kira layin neman kuɗinsu, aka ce musu Nyokabi ta mutu. Ni, Baba! Ina tsaye a gabansu da ƙafafuna, mutumin yana tambayata ko ina da hujjar cewa ina raye. Duk shagon aka juyo ana kallona.

Gichuki: Halo? Ba na jin ki sosai...

Nyokabi: Yanzu fa kake ji na garau. Takwarata ce, Baba. Kwana goma ta yi a ɗakina bara, jakata a rataye a bayan ƙofa. Sunanmu ɗaya, duk sunan Kaka aka sa mana, ga kama kamar an tsaga kara. Wa zai tsaya bambancewa? Ta dawo gida da sabon takalmi, ban manta ba.

Gichuki: Haba Mama, kada ki ɗauki alhakin yarinya.

Nyokabi: To waye? Gobe da sassafe zan kai ƙara wurin 'yan sanda. Sun ba ni ƙarshen lambar, huɗu, bakwai, ɗaya. Bari a kama mai layin, kowa ya huta.

Gichuki: 'Yan sanda kuma? Kai! A'a. Ki bari in yi magana da Ndirangu tukuna.

Nyokabi: Me ya sa kake tsoron 'yan sanda?

Gichuki: Ba tsoro ba ne.

Nyokabi: Baba. Ka san lambar?

Gichuki: ...Kin tuna Kirsimetin da katin shaidar kakarki ya ɓace? Ta ce ita ma waya take so, mai shago ya ce ba kati ba layi. Kika miƙa naki, kika ce ai duk Nyokabi ce.

Nyokabi: Layin Kaka? Amma Kaka ko kira ba ta iya ba, sai an danna mata. Ta ina za ta... Yuli. Watan da ta rasu.

Gichuki: Numfashinta ya sarƙe da rana tsaka, ba a biya mu kuɗin ganyen shayi ba, mai mota ya ce sai ya gani a hannu. Ga asibiti su ma suna jira. Wayarta na aljihuna. Na danna, suka bayar.

Nyokabi: Kai ne.

Gichuki: Da sunan uwata na ranta, don uwata. Ko kaɗan ban kawo ki a raina ba, Allah ya sani. Da ta cika na ɗauka magana ta bi ta.

Nyokabi: Kuma kai ka ce na mutu?

Gichuki: Ba ke ba! Wata ce ta kira, sati biyu bayan jana'iza, ta ce a ba ta Nyokabi. Na ce ta rasu. Ta ce mece ce ita a wurinka? Na ce uwata ce. Ina ƙaryar a nan? Har ta'aziyya ta yi min.

Nyokabi: Shekara guda, Baba. Kullum "Mama, Mama," ba ka taɓa buɗe baki ba. Da gobe na sa an ɗaure 'yar mutane a kan takalmi!

Gichuki: Kunya na ji. Kin riga kin saya wa kakarki akwatin gawa, ina zan sake dubanki? Bari, zan sayar da maraƙin da ta bar miki. Talata kasuwa.

Nyokabi: Litinin suka ce.

Gichuki: To in roƙi Ndirangu...

Nyokabi: Kada ka taɓa maraƙin nan. Kuma kada Baffa ya ji, kada takwarata ta ji abin da na faɗa a kanta. Ina da kuɗin haya a ajiye, mai gidan hayar ya yi ta zagi.

Gichuki: Mama...

Nyokabi: Layin yana nan?

Gichuki: Yana cikin gwangwanin shayi, tare da tabaran kakarki. Na kasa yarwa.

Nyokabi: Ka mayar da shi cikin waya yau ɗin nan. Kuɗin wayata ya kusa ƙarewa, ka saurara. In suka sake kira suka ce a ba su Nyokabi...

Gichuki: Me zan ce musu?

Nyokabi: Ka ce uwarka tana nan da ranta. Ka ce ita za ta biya...

Gichuki: Halo? Mama? Mama!