Ranar da Rabi Ta Cire Mini Takunkumi

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, matar Malam Ishaya. Waɗansunku sun daɗe ba su ga fuskata ba, to ga ta nan, ku kalla da kyau.

Tsofaffin cikinku sun san a Sabon Birni aka haife ni. Mahaifina Bayarbe ne, tela, uwata kuma Bahaushiya. Cikin Gobirawa na tashi, aure ne ya kawo ni Sakkwato.

Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da ni a bakin murhu. Ubangiji ya tashe ni, ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, amma bakina ya karkace ya ƙi komawa. Idan na yi magana miyau ya zubo. Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata, na nemi takunkumin fuska irin na lokacin korona na ɗaura. Daga baya sujadar ma na daina zuwa.

Kun yi mini alheri, ban manta ba. Amma bari in faɗa muku gaskiya: kalmar "sannu" ta kusa kashe ni. Kowa ya shigo sai ya karya wuya ya sassauta murya, sannu Maman Yohanna, sannu. Har mijina ya daina yi mini gardama. Na zama kamar ƙwai a cikin gidana. Ina raye, amma ji nake an riga an fara zaman makokina.

Ana nan sai ga wayar Hajiya Rabi, ƙawata tun muna firamare, Bagobira mai zane har kunne. Za ta aurar da autarta Nana ranar Asabar a can Sabon Birni. Na ce wa Malam ba za ni ba. Karo na farko tun ciwona ya ƙi saurarona, ya zuba mai a mota, muka kama hanya da hantsi, don kun san hanyar nan ba a bin ta sai rana ta ɗaga.

Muka tsaya a garin Isa muka ɗauki Asabe, ta ukunmu a ƙawancen. Tana ganina ta rungume ni ta fashe da kuka, sannu ta fi a ƙirga. Ƙauna ce, na sani. Amma na ce a raina haka gidan biki zai kasance, mata cike da tsakar gida kowace da tata sannun.

Mun bar Isa, ina kallon gonakin gero ta taga, na yi addu'a a zuciyata. Ban roƙi bakin ya miƙe ba, wannan na roƙa har na gaji. Cewa na yi, "Ya Yesu, ka ba ni mutum ɗaya da zai gan ni, ba ciwona ba. In babu, daga nan ɗakina za ni koma, ba kuma mai sake fito da ni."

Muka isa, gida ya cika, tukwane na tafasa. Na raɓe bayan Asabe. Sai na ji murya daga wajen murhu, muryar da ko a kasuwa ba ta ɓuya.

"Ke Bayarba! Sai yanzu kinka ga damar zuwa? Ina anka taɓa ganin baiwa ta iso bayan an ƙare aiki?"

Ga waɗanda ba su sani ba, Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun kakanni. Kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, kuma wanda aka tsokana ya yi shiru, ya ba da danginsa kunya.

Rabi ta taho da muciya a hannu, ta sa yatsa ta janye takunkumin. "Mi na wanga? A garinmu jakin da ka cin dawar mutane aka sa ma takunkumi." Ta dubi bakina sosai, ba ta kau da ido ba. Sannan ta ce, "Ahaf. Na daɗe ina hwaɗa maki ki rage barkono."

'Yan'uwa, ban san sa'ad da magana ta fito ba. Na ce, "Ni ciwo ne ya taɓa tawa fuskar. Ke kina lafiya lau kika zauna kaza ta yi miki karta a kumatu."

Gidan ya kwashe da dariya, wata tsohuwa har da guɗa. Ni ma na yi ta yi da karkataccen bakina, miyau na zuba. Rabi ta kama gefen zaninta ta share mini haɓa, ba ta ko tsaya da zagin kakannina ba. Ta dire mini tiren shinkafa ta ce in tsince, baiwa ba ta cin abincin banza.

Mun wuni muna tone-tonen ƙuruciya mu uku, har Asabe ta ware ta shiga yi mini tsiya. Da yamma na shiga yi wa amarya nasiha. Nana ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, kin san da Inna tab ba ki shinkafa, ɗaki tas shiga? Kuka tay yi sosai. Ta wanke ido, ta sa kwalli, tac ce in na hwaɗa maki sai ta ci mutuncina."

Ashe ta gani. Ta ga komai, ta haɗiye, ta ba ni abin da na roƙa a mota.

Likita bai canja maganarsa ba, bakin nan yana yadda yake. Amma Yesu ya fito da ni daga ɗakin da na kulle kaina, kuma ta hannun ƙawata Musulma ya buɗe ƙofar. Na gode masa, ɗaukaka tasa ce. Haleluya!

In akwai mai ɓuya a cikinku, ka faɗa wa Ubangiji ainihin abin da ke cin ka, yana ji, ya kuma san wanda zai aiko. Ku kuma matan zumunta, ranar Laraba ina nan tafe koyon waƙa. In na yi kuskure ku gyara mini da ƙarfi, yadda kuke yi wa kowa.